Kura Mai Yatsu Uku

Duk wanda ya san bakin kasuwar hatsi ta Kaura Namoda ya san tandar wainata, ya kuma san bakina. Sunana Salima. Ban iya haɗiye fushi ba, kuma ban taɓa neman a koya mini ba.

Wata ranar Litinin da hantsi ina zuba ƙullu, sai na ga masu jiran waina sun watse sun yi cincirindo a bangon rumfar awo. Na ce da maƙwabciyata ta duba mini wuta, na kutsa. Takarda ce aka liƙa. Kura ce tsaye da ƙafa biyu kamar mutum, da babbar riga shuɗiya da farin rawani, carbi a hannun dama, hannun hagu kuma cikin buhun da aka rubuta wa zakka. Ba a sa suna ba, don ba a buƙata. Gilashin nan da ake ɗaure wa zare a kunne, da jelar rawani da ta sauko kafaɗar hagu, ko yaron goye ya san Malam Ladan ne, limamin unguwarmu, wanda ke raba zakkar hatsi duk kaka. A ƙasan takardar akwai ɗan tauraro da harafin mim a cikinsa. Alamar ƙanwata Mardiyya ce.

Tun da Mardiyya ta gama karatu sana'arta ke nan, zanen dabbobi masu siffar mutane a allon kwamfuta. Wani ya aiko daga Zariya, wani daga ƙasar waje, ya ce yana son zomo direban tasi ko ɓauna mai sayar da atamfa, ta zana ta aika masa. A Zamfara kuwa zanen abu mai rai ba abin wasa ba ne. Shekara biyu tana yi a ɗaka, sai da Malam Ladan da kansa ya duba zanen wani littafin yara da ta yi, a kwamfutar ɗansa Mujahid, ya ce tunda don koyarwa ne babu laifi. Sannan ta buɗe shago. Yanzu ga shi ana cewa ta ci tuwonsa ta fasa masa akushi.

Takarda ashirin aka ɓamɓaro daga bangaye kafin azahar. Bayan salla na'ibin liman ya ɗauki lasifikar masallaci ya kira sunan ƙanwata, da sunan mahaifinmu da ke kabari, har sau uku. Ina tsaye ina ƙirgawa. Ya ce kwamitin dattawa ya ba ta zuwa Alhamis ta wanke kanta, in ba haka ba a rufe shagon har abada a miƙa ta gaban alƙali. Da la'asar Mujahid ya zo da mutum biyu karɓar allon zanenta. Mutum ne mai shekara talatin da ɗoriya, mai auna wa ubansa gero a kasuwa, ba ya ɗaga kai ya dubi mace. Ya karɓi allon da hannu biyu, ya naɗe shi a ƙyalle a hankali, ya ce mu yi haƙuri.

Mardiyya ta zauna a ƙasa tana kuka. Ni ban yi kuka ba. Na ce mata, “Na rantse da wanda raina ke hannunsa, duk wanda ya yi miki wannan sai na ji sunansa a lasifikar da aka kira naki.”

* * *

Kawu Maitama wan mahaifiyarmu ne. Shekara arba'in yana bin sawun shanun sata daga Gurbin Bore har bakin iyaka. Da ɓarayi suka koma ɗaukar bindiga ya ce bin sawu ya zama bin kabari, ya dawo Kaura yana tufkar igiya a ƙofar gida. Shi ya fara koya wa Mardiyya zana ƙafar dabba a kan yashi tun tana 'yar mitsitsiya.

Na shimfiɗa masa takardar a cinya. Ya ce, “Ni mi na sani ga kwamfuta, Salima? Sawu nika bi.”

“To ga sawu nan. Wani ya taka ƙanwata ya wuce.”

Ya yi ɗan murmushi, ya juya wajen Mardiyya. “Ɗiyata, hwaɗa min yadda kika aikin ga, tun daga hwarko. Kada ki tsallake komi.”

Ta share hawaye. “Kawu, hawa-hawa ne, kamar tabarma a kan tabarma. Mu leya muke ce wa kowace. Ta farko zanen fensir ce. A kanta nake bi da baƙin layi, shi ne sa tawada. Launi kuma a tasa tabarmar yake, ƙarƙashin layin, don kada ya ci shi. Inuwa ce ƙarshe. In na gama sai in haɗe su su zama ɗaya in ba mai aiki, daga nan ba mai iya raba su. Wannan kurar tawa ce, ta littafin yara, amma 'yar shara na sa mata, mai gadin kasuwa ce. Kan kurar da hannuwa da ƙafafu da tauraron nawa ne. Riga da rawani da gilashi da duk launin ba nawa ba ne. Wanda ya yi, lallai yana da tabarmar layin ita kaɗai.”

Kawu ya tashi ya fita inda rana ta karkata, ya riƙe takardar a kaikaice, ya daɗe yana kallo. Haka yake yi wa ƙasa in yana neman sawu.

“Mutum biyu sunka bi ta nan,” in ji shi. “Guda na tahiya da sauri, layinta na hwarawa da kauri shi ƙare siriri. Ke ce. Gudan na tahiya shina tsayawa, kamar wanda ya daɗe bai bi hanya ba, amma hwa ya san ta.” Ya ƙara matso da takardar kusa da ido. “Mardiyya, yatsun kura nawa?”

“Huɗu, Kawu. Kai ka koya mini.”

“Madalla. Wa da wa kinka ba tabarmar layin?”

Ta ƙirga a yatsa. Lucky mai buga takardu, da zai buga shafukan da yara za su shafa wa launi. Rilwanu na Shinkafi, da ya taɓa taya ta sa launi. Sai Hajiya Ladidi ta Zurmi, mai makarantar yaran da ta ba da aikin littafin.

* * *

Washegari da safe muka fara da Lucky. Ɗan Binuwai ne, shekararsa goma sha biyar a Kaura, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Mun tarar da matarsa Theresa tana share gilashi. Tun jiya wasu samari suka yanke hukunci cewa ai arne ne ya buga, suka yi wa shagon ruwan duwatsu. Ni ma, in faɗi gaskiya, da zagi a bakina na zo.

Lucky ya ba Kawu kujera, ya karɓi takardar. Ya tsoma yatsa a kofin ruwa ya goga a kan rigar kurar, shuɗin ya bi yatsansa. Ya jawo wani katin suna da ya buga ya goga, ko gezau.

“Baba, injina ba ya shan tawadar ruwa. Wannan ƙaramar firinta ce, irin ta gida. Ka duba duk shagon nan in ka ga irinta ka kai ni inda za ka kai ni.” Ya kalli tulin gilashin. “Babu gidan da ban buga wa katin aure ba a unguwar nan. Jiya aka tuna ni baƙo ne.”

Kawu ya ce, “Allah shi mayar maka da alheri. Ran Alhamis ka taho zauren Malam.”

Na haɗiye zagina, muka shiga motar Shinkafi.

* * *

Rilwanu dai na riga na yanke masa hukunci tun a hanya. Sau uku Mardiyya na mayar masa da aiki tana cewa bai yi ba, na ƙarshen ya yi rantsuwa a waya, ina ji, cewa sai ta gane kurenta. Muka same shi a ɗan shagonsa yana zana wa wani mai kanti zakara da hular kwano.

Da ya ga takardar sai ya kwashe da dariya. “Ashe rana ta zo wa gwanar.”

Na ce, “Kai ne, munafuki. Ka yi rantsuwa, ka cika.”

“Yaya Salima, da ni ne da na sa sunana manya-manya, don a san na iya.” Ya ɗora wayarsa a kan takardar ya ƙara girman hoton, dariyar ta ɗauke. “Zo ki gani, tunda ido gare ki ba baki kaɗai ba. Ni alamar bokiti nake dannawa a kwamfuta, launi ya cika wuri gaba ɗaya. Shi ya sa ake ganin wani farin zare tsakanin layi da launi. A kan wannan zaren ƙanwarki ta kore ni. Nemo mini shi a nan.”

Na duba, babu. Kawu ya bi bango yana kallon ayyukan Rilwanu da aka liƙa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da farin zarensa.

Rilwanu ya ci gaba, yanzu kamar da kansa yake magana. “Wannan da hannu ya bi ƙarƙashin layi, lungu-lungu. Kuma dubi inuwar rawanin. Mu baƙi muke sawa mu rage masa ƙarfi, shi kuwa shuɗi-shuɗi ya sa. Sai wanda ya fara da fenti a takarda yake haka. Baba, ban san mai irin wannan hannun ba daga nan har Gusau. Ina ƙin ƙanwarta, ban ɓoye ba, amma wannan ya fi ƙarfina.”

Wallahi na so a ce shi ne. Da hancinsa da komai ya dace da laifin. Muka kwana gidan wata 'yar'uwarmu ina ta tsaki.

* * *

Laraba muka sauka Zurmi. Hajiya Ladidi tsohuwa ce mai jiki, mai murya, kuma a Zurmi aka haifi Malam Ladan, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Da ta ga kurar ta yi dariya har ta riƙe ciki, hawaye na zuba. Na ce a raina, ga ta nan.

Kawu ya tambaye ta abin da Mardiyya ta ba ta. Ta aika aka ɗauko wata samira daga kan kabad, ta buɗe, ga ɗan filashi, abin ajiyar zane na kwamfuta, kwance cikin ambulan, ko ɓare bakinsa ba a yi ba.

“Ni da ko lambar waya sai an danna min? Na aje shi dai don an ce in aje.” Ta sake kallon takardar ta girgiza kai. “Ladan ke nan. Abin da mutum ya shuka. Shekarar da anka ƙaddamar da Shari'a, nan ƙofar gidansu, ya tara littattafan zanen wani yaronshi ya cinna masu wuta, ya kira unguwa ta zo ta gani. Yaron na kuka shina bugun hannun da carbi. Yau kuma shi ne mai halatta ma ɗiyan wasu.”

Ni “ɗiyan wasu” kaɗai na ji. Na miƙe na ce ƙanwata ba ɗiyar wasu ba ce, mahaifinmu ma malami ne, kuma wanda ke dariya a gidan mutuwa a bincike shi. Ta ce in zauna kafin ta zaunar da ni. Muka yi ta yi, Kawu yana tauna goro kamar ba ya wurin. Sai da muka gaji ya ce, “Hajiya, ɗingishin ga na Malam, tun yaushe?”

“Tun ina budurwa. Sanyin gwiwa anka ce. Shi ya sa ba shi rabuwa da huffi, rani da damina, bisa gare shi shika shafa in za shi alwala.”

Huffi dai safar fata ce da malamai ke sawa. Mu duk mun ɗauka tsantsar bin sunna ce.

A mota na ce, “Kawu, mutum uku, duk ka sake su. Gobe Alhamis.”

Ya ce, “Na ji.”

Muna sauka Kaura ya ari tsintsiya, ya je ya share yashin da ke gaban ƙofar da liman ke shiga masallaci, ya lallaɓe shi sumul. Masu wucewa suna ta yi masa addu'ar samun lada. Da Malam Ladan ya zo la'asar ya wuce ciki, Kawu ya tsuguna a wurin ya daɗe, har ya kusa rasa raka'ar farko.

* * *

Alhamis da hantsi zauren Malam ya cika. Dattawan kwamiti uku a kan darduma, Malam Ladan a tsakiya a kan buzu, allon Mardiyya a naɗe a gefensa. Lucky da Rilwanu a bakin ƙofa. Hajiya Ladidi ta biyo motar farko, ta ce ba za a yi wannan babu ita ba. Ni da Mardiyya muna daga gefe. Mujahid yana zagayawa da butar shayi.

Babban dattijon ya ce, “Maitama, an ce kai ne bakin yarinya. Bisimilla.”

Kawu ya shimfiɗa takarda biyu a tsakiya. Ɗaya kurar littafin yara da Lucky ya kawo, ɗaya ta bango.

“Ban iya karatun boko ba, amma na iya ƙirga. Ku duba ƙahwar hagu. Wagga ta littahi, yatsu nawa?”

Dattijon ya sunkuya. “Huɗu.”

“Wagga hwa?”

“Uku.”

“Na ciki babu. Rilwanu, kai ka san aikin. Kuskure na?”

Rilwanu ya matso ya duba da wayarsa. “A'a, Baba. Goge shi aka yi daga layin, aka rufe wurin da sabon layi, aka cike da launi tsaf. Wannan da gangan ne.”

“To. Kasuwa ba ta ƙirga yatsun kura. Mutum ɗari sunka ga takardar ga, ba wanda ya lura. Wanda ya goge yatsan ga ba don kasuwa ya yi ba. Don mutum guda ya yi, shi gani, shi san daga wane ɗaki kibiya ta hito.” Kawu ya juya ya fuskanci liman. “Allah gafarta Malam, jiya na ga sawunka. Na dama na tona ƙasa ta gaba in ka ɗaga. Na hagu ba shi tonawa. Shekara arba'in ina duban ƙasa, wagga ba gwiwa ba ce. A cire huffin, ko a bar shi?”

Malam ya kalli ƙafarsa ya daɗe.

“A bar shi,” in ji shi. “Galma ta cire mini babban yatsa ina ɗan shekara goma sha biyar. Na ji kunya, na rufe, rufin ya zame mini jiki.”

“Wa ya sani?”

“Uwar 'ya'yana, Allah ya jiƙanta.” Ya tsaya. “Sai mai yanke mini farce tun da bayana ya daina lanƙwasuwa.”

Ba wanda ya juya wajen Mujahid, sai Mardiyya. Ta dafe baki. “Kawu, mutum huɗu na ba, ba uku ba. Na kawo wa Malam filashi ya duba kafin ya ba ni izini. Duk fayil ɗin na ciki, har da layin. Ban ƙirga Malam ba.”

Mujahid ya ajiye butar a hankali, ko ɗigo bai zuba ba. A karo na farko na ga cikin idonsa.

“Littafi goma sha ɗaya ka ƙona mini,” ya ce da ubansa. “Ina shekara goma sha biyu. Ka ce hannun da ya zana mai rai wuta za ta ci. Na bari. Na koma auna maka gero shekara ashirin, ban taɓa cewa uffan ba. Sai ga shi ka miƙo mini filashin wata ka ce in buɗe maka. Kana kallon kura da zomo kana murmushi, kana cewa Allah ya yi albarka. Ina tsaye a bayanka, Baba. Ko waiwayowa ba ka yi ba.”

Na ce, “Ita fa? Ita me ta yi maka?”

“Ba ta yi mini komai ba. Ta samu ne.”

Da ba don Hajiya Ladidi ta riƙe mini gyale ba, da butar shayin nan ta ƙare a kansa. Amma Kawu bai gama ba.

“Tambaya guda ta rage, Malam. Ran Litinin da anka kawo maka takardar ga, ka ƙirga?”

Malam Ladan ya kau da ido daga takardar. Ya sunkuyar da kai har gilashin ya zamo masa kan hanci. Nan na gane. Tun ranar farko ya ga yatsu uku, ya san hannun da ya yi, ya zauna a cikin masallaci ana kiran sunan marainiya a lasifika bai ce a dakata ba.

Dattawan suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Babbansu ya gyara murya ya ce to alhamdulillahi, gaskiya ta fito. A mayar wa yarinya allonta, a sanar cewa an bincika ba ita ba ce, magana ta mutu a zauren nan. Ya jawo hadisin wanda ya rufa asirin ɗan'uwansa Allah zai rufa nasa.

Na ce, “Allah gafarta malam, ranar Litinin ina hadisin ya tafi? Ko a lokacin bai sauka ba?”

“Salima, ki ji tsoron Allah.”

“Shi nake ji. In kun ce ba ita ba ce kuka yi shiru, gobe kasuwa za ta ce an yi mata alfarma ne. Masu aiko mata aiki daga makarantu za su janye, mai neman aurenta ya janye, ta tsufa ana nuna ta da baki. Ga Lucky nan, gilashinsa na cikin kwandon shara. Da lasifika aka ɓata, da lasifika za a gyara. A kira sunan wanda ya yi, da sunan ubansa, kuma uban ne zai kira da bakinsa. In ba haka ba, alƙalin da kuka ce za ku kai ta, ni zan kai ku.”

Suka juya wajen Mardiyya, don sun san ta da sanyin hali. Ita ce mai haƙƙi, in ta yafe ba ni da ta cewa. Ni kuwa na san ƙanwata, ko sauro ta kan kore shi ne ba ta kashewa.

Ta tashi ta ɗauki allonta, ta warware ƙyallen, ta duba ko ya fashe. Sannan ta ɗauki takardar bangon ta ajiye a gaban Malam, ta sa yatsa a kan rawanin.

“Abin da Yaya ta ce, shi na ce.” Muryarta ko rawa ba ta yi. “Kuma Malam, ka dubi naɗin nan da kyau. Shekara bakwai ina wannan aiki, ban iya zana ƙyalle haka ba. Shi shekara ashirin bai riƙe alƙalami ba. Ina so ka san abin da ka ƙona.”

Mujahid ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na motsi. Malam ya ɗauki takardar da hannu biyu yana kallo, kamar yau ya fara ganinta.

* * *

Kawu bai jira azahar ba. Ya ce shi aikinsa ya ƙare inda sawu ya ƙare, ya koma wajen igiyarsa. Mardiyya ta tafi buɗe shago, ta ce ba ta son ji. Ni kuwa na kashe wutar tanda da ƙullu a roba, na je na tsaya daidai ƙofar masallaci, inda Malam zai iya hango ni ta taga.

Aka sallame salla. Lasifika ta yi ƙara, sai muryarsa. Ya ce Mardiyya ba ta da laifi, Lucky ba shi da laifi, shi zai gyara gilashin. Ya ce ya san gaskiya tun Litinin ya ɓoye, yana neman gafarar Allah da ta jama'a. Masu awo suka tsaya da kwano a hannu, masu keke napep suka kashe inji.

Ana cewa ramuwa ba ta da daɗi. Waɗanda ba a taɓa ba ne ke faɗa. Na ji daɗi har cikin ƙashina, ko da yake idona ya cika, ban kuma san na wane ne hawayen ba.

Ya ce, “Wanda ya yi wannan aiki Mujahid ne, ɗan Ladan.” Ya sake faɗa. A na biyun muryarsa ta sarƙe, aka ji numfashinsa kawai a lasifika, na ga hannunsa ya nufi makunni zai kashe. Ya ɗago ido ya gan ni ta taga. Na ɗaga masa yatsu uku.

Ban motsa daga wurin ba sai da ya cika na ukun.